Daga noti zuwa giyabos: abin da ke kayar da jirgi mai saukar ungulu

A ƙauyukan Kano da Jigawa helikwafta baƙon lokaci ne. Sai kakar siyasa ta kama, ko ruwa ya ci gonakin Auyo da Kafin Hausa da Guri manya sun zo duba ɓarna ta sama, sannan a ji ƙararsa, yara su bi shi da gudu har filin ƙwallon firamare. Idan kuma rediyo ya ce wani ya faɗi, hukuncin majalisa ɗaya ne: inji ne ya mutu a sama. Ga masu kwance jirgin nan da ɗaure shi kuwa, mutuwar inji ba ita ce babbar fargaba ba. Tana da magani, kuma ba a ba matuƙi lasisi sai ya nuna ya iya maganin. Abin da ke hana injiniya barci shi ne sassan da ba su da na biyu: giyabos, sandar da ke riƙe da babbar farfela, sandunan sarrafawa, da farfelar wutsiya.

Yawancin helikwaftocin da ke ɗaukar manya inji mai tabain gare su, wato wanda hucin wuta ke juya fuka-fukan cikinsa, yana shan man jirgi da ake kira Jet A-1, wanda dangin kananzir ne. Gudun irin wannan inji ya wuce misali. A jirgin Super Puma, sandar da ke fitowa daga inji tana juyi kusan 23,000 a minti ɗaya, alhali babbar farfelar da ke sama juyi 265 kacal take buƙata. Giyabos ne ke rage wannan gudu mataki-mataki, ya karkata shi daga kwance zuwa tsaye, ya kuma yanki wani kaso ya aika wutsiya ta wata doguwar sanda. Bayan haka, sandar farfela a cikinsa aka dasa ta, wato duk nauyin jirgin, tan 11 a samfurin Super Puma na EC225, a jikin giyabos yake rataye. Ana iya sa wa jirgi inji biyu, famfon haidirolik biyu, janareta biyu. Giyabos dai ɗaya ne.

Ƙaramar farfelar wutsiya ba ado ba ce. Idan babbar farfela ta juya dama, gangar jirgin hagu take son juyawa, ita ce ke tare ta. Ta tsaya, jirgi ya kama hajijiya.

Matuƙi kuma abubuwa uku yake riƙe da su: sandar hannun hagu da ke ƙara wa fuka-fukan duka kusurwa a lokaci guda don hawa ko sauka, sandar da ke tsakanin ƙafafunsa da ke karkata jirgi gaba ko baya ko gefe, da fedoji biyu na wutsiya. Motsin hannunsa yana bi ta sanduna da gwiwoyin ƙarfe, ya shiga na'urorin haidirolik da ke ƙara masa ƙarfi, ya isa wasu farantai biyu a ƙarƙashin farfela, ɗaya a tsaye ɗaya na juyawa. Kowace gaɓa a wannan sarƙa ƙusa ce da noti. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Idan inji ya mutu

Tsakanin inji da giyabos akwai wani kulocin da ke kama gefe ɗaya kawai: inji na iya juya farfela, amma farfela ba ta jan inji. Da zarar inji ya mutu sai kulocin ya sake shi, farfela ta ci gaba da juyawa ita kaɗai. Aikin matuƙi shi ne ya danne sandar hagu ƙasa nan take, cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu a ƙananan jirage, don kada gudun farfela ya zube. Jirgi zai fara gangarowa da saurin ƙafa 1,500 zuwa 2,000 a minti, kuma iskar da ke bugowa daga ƙasa ita ce ke ci gaba da juya fuka-fukan. Dab da ƙasa sai ya ɗaga hancin jirgi ya rage gudu, ya daidaita shi, sannan ya ja sandar hagu ya kashe ƙarfin da farfela ta tara wajen sassauta dirar. Dama ɗaya ce, ba a maimaitawa, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, musamman bayan girbi, wurin dira ba ya wuya.

Inda abin ke ɓaci shi ne inji ya mutu jirgi na tsaye cak a sama 'yan ɗaruruwan ƙafa ba ya tafiya, ko yana gudu dab da ƙasa. Babu tazarar da za a yi dabarar. Kowane littafin jirgi yana da zanen da ke nuna wannan yanki da ake gujewa, shi ya sa matuƙin kirki ba ya yarda ya tsaya yana shawagi a kan taro don oga ya ɗaga wa jama'a hannu.

Duk wannan dabara sai giyabos na juyawa lafiya, sanduna kuma na haɗe.

Ɓarɓashin da maganaɗisu ke kamawa

Ƙarfe na gajiya. Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya: ba ta karyewa a lanƙwasa ta farko ko ta biyar, amma kowace lanƙwasa na barin tabo, har ta tsinke a inda ba ka sa wani ƙarfi na daban ba. Haƙorin giya da boris a cikin giyabos suna shan irin wannan matsi sau dubbai a kowane minti. Tsaga kan fara daga ɗan rami da ido ba ya gani, ko tabon tsatsa, ko wurin da wani abu ya taɓa bugawa, ta yi ta rarrafe a hankali awa bayan awa.

Sa'ar da aka yi ita ce ƙarfen da ya fara lalacewa yakan zubar da ɓarɓashi cikin mai. Saboda haka aka dasa wasu matosai masu maganaɗisu a gindin giyabos da wasu kusurwoyinsa. Ɓarɓashi ya manne ya haɗa bakin wayoyi biyu, fitila ta kama a gaban matuƙi. Injiniya kuma yana zare matoshin a lokutan da littafi ya tsara, ya duba da gilashin ƙara girma. Laushin gari mai kama da toka abu ne da aka saba gani, musamman a sabon giyabos. Ɓawo mai ƙyalli, mai kaifin gefe, shi ne mugun labari. Ƙa'ida ita ce a auna shi, a manna shi a kati, a rubuta ranar da awannin jirgi, a aika ɗakin gwaji a tantance wane irin ƙarfe ne, domin irin ƙarfen ne ke faɗin daga wane sashe ya ɓalle.

A ranar 1 ga Afrilu 2009, wani Super Puma AS332 L2 da ke dawo da ma'aikatan mai daga teku ya faɗi kusa da gaɓar Peterhead a Sukotland. Mutum 16, babu wanda ya tsira. Ɗaya daga cikin ƙananan giyoyin da ke kewaya babbar giya a saman giyabos ce ta tsage, ta fasa gidanta, babbar farfela ta rabu da jirgin ɗungurungum. Abin takaicin shi ne awa 36 na tashi kafin haɗarin an ga ɓarɓashi ɗaya a maganaɗisun wannan sashen. An gani, ba a yi watsi da shi ba. Kanikawan sun tuntuɓi kamfanin da ya ƙera jirgin ta waya da imel, sai dai kowane ɓangare ya fahimci maganar daban, aka ɗauki ɓarɓashin a matsayin ɓawon shafen azurfa ko makamancinsa marar illa, ba a buɗe sashen ba kamar yadda shafin da ya dace a littafin gyara ya tanada. Bincike ya kuma gano cewa wani zoben maganaɗisu da ke cikin giyabos ɗin yana tare ɓarɓashi kafin ya kai ga matoshin da ke kunna fitila. Daga baya aka ba da umarnin cire shi.

Darasin da masu aikin suka ɗauka a nan ba na lalaci ba ne, na hanyar magana ne. Tambayar da ta shafi giyabos ba a yin ta da baki. A rubuce ake yi, da hoto da awo, amsa ma a rubuce, da lambar shafin da za a bi.

Bayan shekara bakwai, ranar 29 ga Afrilu 2016, irin wannan giyar ta sake karyewa a wani EC225 kusa da tsibirin Turøy a Norwe, mutum 13 suka rasu, har an ɗauki bidiyon farfelar tana yawo ita kaɗai a sama. A wannan karon tsagar ta yi tafiyarta a ƙarƙashin fatar ƙarfe, ba ta zubar da ɓarɓashin da na'ura za ta kama ba. Wato ba kowane haɗarin inji ne laifin bakanike ba. Wani tun daga teburin zane yake. Haka na Lesta a Ingila, ranar 27 ga Oktoba 2018, da ya kashe mai ƙungiyar ƙwallon garin, Vichai Srivaddhanaprabha, da mutum huɗu: boris ɗin da ke cikin na'urar sarrafa farfelar wutsiya ne ya cije, fedoji suka daina aiki, alhali jirgin bai ma kai awa 400 da aka tsara a duba boris ɗin ba.

Minti goma sha ɗaya

Giyabos ba ya rayuwa babu mai. Ranar 12 ga Maris 2009, wani Sikorsky S-92 ya tashi daga St. John's a Kanada zuwa rijiyoyin mai na teku da mutum 18. Kwanon filtar man giyabos ɗinsa ƙusoshi uku ne ke riƙe da shi, na ƙarfen taitaniyam. Biyu suka karye, mai ya tsiyaye kaf. Bayan kimanin minti 11 giyar da ke juya sandar wutsiya ta cinye, jirgin ya faɗa teku. Mutum ɗaya ne ya fita da rai.

Me ya karya ƙusoshin? Taitaniyam da notin ƙarfe suna cin juna. Duk lokacin da aka kwance filta aka mayar da tsohon noti, haƙoran ƙusa na ƙara gogewa, har ta kai sufana mai awo na nuna an ɗaure daidai alhali ƙarfin a gogayya ya tafi, kwanon bai matsu ba. Ƙusar da ba ta matsu ba tana rawa, mai rawa kuma ita ke gajiya. An san da matsalar. A watan Yulin 2008 irin haka ta faru da wani S-92 a Ostireliya, ya samu ya dira lafiya. Kamfanin Sikorsky da ya ƙera jirgin ya ƙara matakan duba ƙusoshin a littafin gyara, sannan a Janairun 2009 ya ce a canja su da na baƙin ƙarfe cikin shekara ɗaya ko awa 1,250. Masu binciken Kanada sun gano ba a aiwatar da sabon tsarin dubawar yadda ya kamata ba a jirgin da ya faɗi. Wa'adin shekara guda kuma, a ganinmu, ya yi sassauci ga abin da an riga an ga yana zubar da man giyabos.

Akwai tarko guda a cikin wannan haɗari da ya kamata kowane ɗalibin tuƙi ya haddace. Agogon matsin mai ya faɗi, amma agogon zafin mai bai hau ba, sai matuƙan suka yi zaton ko na'urar awon ce ta samu matsala, ko akwai sauran mai. Alhali ma'aunin zafin sai yana jiƙe cikin mai yake aiki. Da mai ya ƙare, iska yake aunawa. Takardar matakan gaggawa ta ce a sauka nan take, ko da a kan ruwa ne. Suka zaɓi su lallaɓa zuwa tudu.

Noti

Mu koma kan gaɓoɓin nan. Ƙa'idar jiragen sama ita ce duk notin da kwancewarsa za ta iya kayar da jirgi, makulli biyu ake yi masa. Na farko notin kansa mai kulle kansa ne, da zoben roba ko matsattsen baki da ke cije ƙusa. Na biyu ɗan fil ne mai ƙafa biyu da ake zurawa ta ramin ƙusa a lanƙwasa, ko wayar kulle da ake murɗawa ta yadda noti in ya so kwancewa sai ya ƙara jan ta. Ana ɗaurewa da sufana mai awo zuwa adadin da littafi ya faɗa, ba iya ƙarfin dantse ba, ita sufanar ma ana kai ta gwaji lokaci-lokaci. Sai a ja ɗan layin fenti daga noti zuwa jikin ƙarfen da ya zauna a kai, domin in ya motsa ko kaɗan layin zai rabu, mai duba jirgi da asuba ya gani. A ƙarshe wani injiniya na daban, wanda hannunsa bai taɓa aikin ba, ya zo ya duba ya sa hannu. Wasu gaɓoɓin kuma ana sake auna ɗaurinsu bayan 'yan awannin farko na tashi.

Noti mai kulle kansa yana rasa cizonsa in ana kwance shi ana mayarwa. Gwajinsa ba wuya: in yatsu kaɗai suka iya murza shi har ƙarshe, ya mutu, a jefar. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma ranar 7 ga Disamba 2011 wani AS350 mai yawo da 'yan buɗe ido kusa da Las Vegas a Amurka ya kashe mutum biyar saboda shi. Kwana ɗaya kafin nan aka canja ɗaya daga na'urorin haidirolik na babbar farfela, aka mayar da tsohon noti da ya gaji, filin kullewa kuma ko ba a sa ba ko an sa shi ba daidai ba. Jirgin ya yi 'yan tashi lafiya, ƙusar na zamewa a hankali, har ta fita. Bakaniken da mai duba aikinsa duka an kira su ne ranar hutunsu, suka fara aiki da sassafe saɓanin lokacin da suka saba, kuma hukumar binciken Amurka ta lissafa gajiyarsu cikin dalilan haɗarin. Sa hannu na biyu ba ya amfani in mai shi barci yake ji, ko kuwa ya sa ne don ya yarda da abokin aikinsa.

Mu ma a gida mun ga irinsa. Ranar 12 ga Agusta 2015 wani Sikorsky S-76 da ke dawowa daga wurin haƙar mai a teku ya faɗa ruwan Legas ta wajen Oworonshoki, saura ƙiris ya isa filin jirgi. Mutum 12 ne a ciki, shida suka rasu har da matuƙan biyu. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta ƙasa, AIB a lokacin, ta gano ɗaya daga sandunan sarrafa babbar farfela ta rabu da kanta mai ɗauke da boris, notin da ke danne su kuma a kwance yake. Inji biyu na aiki, mai na nan, matuƙa na riƙe da sanda, amma sarƙar da ke kai motsin hannunsu ga farfela ta tsinke a gaɓa ɗaya. Bayan wannan ne hukumar jiragen saman Amurka ta ba da umarnin gaggawa a duba irin waɗannan sanduna a jiragen S-76, a ja musu layin fenti.

Takarda ma sashen jirgi ce

Shekarun jirgi ba su ne ma'aunin lafiyarsa ba. Helikwafta mai shekara 30 na iya fin mai shekara biyar lafiya, domin kusan duk abin da ke juyawa a jikinsa an canja shi sau da yawa. Kowane muhimmin sashe yana da lambarsa da katinsa, ana rubuta masa awannin da ya yi, wani kuma yawan tashi da sauka, wani watanni ko an tashi ko ba a tashi ba. In wa'adi ya cika a cire shi, ko da yana ƙyalli kamar yau aka saya, saboda tsagar gajiya ba ta bayyana a ido sai ta kusa gamawa. Sashen da ya gama rayuwarsa lalata shi ake yi da gangan, a yanka ko a huda, don kada ya sake dawowa kasuwa da sabon fenti.

Nan ne ha'inci ke shiga. Wanda ya rage awa goma a littafin jirgi don ya jinkirta sabis bai cuci sashe ɗaya ba, ya ɓata lissafin dukkan sassan. Wanda ya sayo boris mai araha babu takardar shaidar asali, ko da lambar ta yi daidai, bai san ko daga tarkacen wani haɗari aka ciro shi ba. Takardun ma ana buga na jabu: a 2023 an bankaɗo wani dillali a Landan da ya sayar da sassan injin jiragen fasinja da shaidar ƙarya. Tsadar dala da jiran kaya makonni daga waje su ke jefa masu jirage a ƙasar nan cikin jarabar maneji, ko ciro sashe daga jirgin da ke ajiye a ɗaura wa mai tashi. Ciro sashe halal ne in an bi ƙa'ida an kai katinsa tare da shi. In ba a kai ba, an haifi sashen da ba wanda ya san shekarunsa.

Akwai kuma jerin abubuwan da doka ta yarda a tashi ba su aiki, da sharaɗi da wa'adi. Abin da ba ya cikin jerin, jirgi ya kwana. Haɗarin da ya kashe shugaban rukunin kamfanonin bankin Access, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa da tsohon shugaban kasuwar hannun jari ta Najeriya Abimbola Ogunbanjo da matuƙa biyu a Kalifoniya ranar 9 ga Fabrairu 2024, babban dalilinsa shi ne matuƙi ya kutsa cikin mummunan yanayi da dare har ya kasa gane sama da ƙasa. Amma na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa ba ta aiki tun kafin a ɗauki fasinjojin, an sani, an gwada gyarawa ba ta gyaru ba, aka tashi a haka.

Ƙura, zafi da man duro

Abin da ya fi shafar yankinmu ke nan. Injin tabain iska yake zuƙa da yawan gaske, kuma duk yashin da ke cikinta sai ya bi ta kan siraran fuka-fukan da ke matsa iskar. Yashi na goge su sannu a hankali, inji ya riƙa yin zafi fiye da da kafin ya ba da ƙarfin da ya saba. Wanda ya wuce zuwa ɗakin wuta narkewa yake, ya daskare kamar gilashi ya toshe ƙananan ramukan sanyaya tabain. Ba ya nuna kansa rana ɗaya. Ana kama shi ne ta gwajin ƙarfin inji da ake yi a kai a kai ana zana sakamakon, a ga layin na gangarowa. Jirgin da zai yi aikin hunturu tsakanin Dutse, Gumel da Haɗeja yana buƙatar matatar yashi a bakin inji, wankin cikin inji akai-akai, da duba gaban fuka-fukan farfela inda yashi ke cin ƙarfe. Giris da ƙura in sun haɗu a boris gurza shi suke yi, don haka a irin wannan wuri ana matso da lokacin sa giris, a yi ta bugawa har tsohon ya fito fes. In jirgi zai kwana a fili a rufe bakin inji da bututun auna gudu, domin zanzaro ba ya jin kunyar gina ɗakinsa a ciki.

Zafi kuma ƙarfi yake sacewa. Kano tana kan tudun kusan ƙafa 1,500 daga teku, amma a ranar bazara mai zafin digiri 40 iska kan yi sirantar da jirgi zai ji kamar yana kusan ƙafa 5,000. Kayan da ya ɗauka da sanyin asuba ba lalle ya iya ɗaga su da azahar ba. In mai girma ya ƙaro mutum biyu, matuƙi ya ji nauyin cewa a'a, sai ya ja sandar hagu ya wuce jan layin ƙarfi ko na zafi na 'yan daƙiƙoƙi. Jirgi zai tashi, kowa ya yi tafi. Amma dole a rubuta wannan ƙetare iyaka, injiniya ya duba giyabos da inji bisa yawan abin da aka wuce da tsawon lokacinsa. Matuƙin da ya ɓoye don tsoron faɗa ya bar wa na bayansa tsaga.

Mai a karkara daga duro yake zuwa, ruwa kuma abokin duro ne: raɓar da ke taruwa a ciki saboda zafin rana da sanyin dare, da ruwan sama da ke kwanciya a kan murfi. A kwance ake ajiye duro, bakunansa biyu a gefe da gefe yadda mai zai rufe su. Kafin a sha a tsayar da shi ya natsu, a zuƙo samfur daga can gindi a zuba a kwalba mai haske, a ga ya fito garau babu gajimare babu ɗigo a ƙasa, sannan a gwada da ƙwayar gano ruwa mai canja launi. A zuba ta famfo mai filta. Kowace safiya kuma, kafin a motsa jirgi, a tatsi gindin tankinsa. Ruwan da ya daɗe a tanki har wata irin gansakuka yake haifarwa da ke toshe filta. Kananzir na kasuwa kuwa, komai kamarsa da man jirgi, ba a kusantar da shi. Wani lokaci ma ba gurɓata ba ce, rashin man ne gaba ɗaya: Bell 206 da ya taso daga Fatakwal ya faɗa kan gidaje a Opebi ta Legas ranar 28 ga Agusta 2020, ya kashe mutum uku da ke ciki, masu bincike sun tarar da tankinsa babu mai.

Kwamitin tarbar baƙi a ƙauye yana da nasa hannun a lafiyar jirgi. Ranar 2 ga Fabrairu 2019 jirgin AW139 da ya ɗauko mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya kife wajen sauka a Kabba ta jihar Kogi, ba don wani abu ya lalace ba, sai don ƙurar da farfelarsa ta tayar ta rufe wa matuƙa ido. Allah ya kiyaye, duka 12 suka fita. Share fili tas har a tone ƙasa kuskure ne. Gajeriyar ciyawa ta fi. In fili busasshe ne, tankar ruwa ta jiƙa shi sosai dab da isowar jirgi, ba tun da hantsi ba. A tsince leda ɗaya bayan ɗaya, domin leda guda na iya toshe bakin inji ko ta naɗe a sandar farfela. A ɗauke tabarmi, fallayen kwano, kujerun roba da fastoci, a kafa rumfuna nesa, a kore awaki, a kuma gaya wa matuƙi inda wayar wuta da ƙarfen sabis suke tun kafin ya taso. Jama'a su tsaya aƙalla taku ɗari. Masu tarba su jira farfela ta tsaya ko matuƙi ya yafito su, su zo ta gaba inda yake ganinsu, hula da gyale da babbar riga a riƙe. Ta baya ba a bi ko da wasa, don farfelar wutsiya in tana gudu ido ba ya ganinta.

In kuma ƙaddara ta faɗa a gonar wani, ceton rai ne farko, a janye mutane nesa saboda wuta, a sanar da mai gari da 'yan sanda. Daga nan kada a taɓa komai. Hukumar NSIB, wadda ta gaji AIB, ita ke binciken jiragen farar hula, kuma abin da take nema sau da yawa bai fi tsawon yatsa ba: noti, kan sanda, guntun haƙorin giya, har da inda kowannensu ya faɗi, domin wanda ya fara ɓallewa shi ake tsinta can baya nesa da sauran tarkace. A Norwe makonni aka shafe ana laluben ƙasan teku don guntayen giya guda. Yaron da ya tsinci wani ƙarfe a kunyar gero ya bar shi a inda yake, a kafa sanda a wurin a nuna wa jami'ai, kuma mai unguwa ya ja kunnen 'yan jari-bola tun kafin su iso da buhunansu.